Wa ke zana harafin? Matsalar rubutu a tsofaffin sabobin X da layin da ba ya sauri

A tsarin X, wanda Linux da sauran dangin Unix suka daɗe suna nuna tagoginsu da shi, aikin fito da abu a allo a rabe yake gida biyu. Akwai manhajar da ke son a nuna abin, akwai kuma sabar nuni, wadda ke riƙe da allo da madannai da linzami. Sabar ita ce ke gaban mai amfani, manhajar kuwa tana iya zama a kwamfuta ɗaya da ita, tana iya zama a wata na'ura a wata nahiya. Tun da Bob Scheifler da Jim Gettys suka faro X a jami'ar MIT a 1984, aka kuma fitar da sigar X11 a 1987, an gina shi ne a kan cewa waya na iya shiga tsakanin ɓangarorin nan biyu. Saboda haka tambayar wa zai zana haruffa tambaya ce ta abin da zai bi wayar, da sau nawa za a tsaya jiran amsa.

A tsarin asali, rubutu aikin saba ne kacokan. Fayilolin salon rubutu a wajenta suke, ko a wajen wata sabar haruffa ta daban mai suna xfs, wadda ta zo da X11R5 a 1991. Manhaja sai dai ta ambaci sunan salon da take so, wani dogon suna mai gurabe 14 irin wannan: -adobe-helvetica-medium-r-normal--12-120-75-75-p-67-iso8859-1. Daga nan ta ce a rubuta mata kaza a wuri kaza. Wajen tattalin layi babu abin da ya kai wannan arha, domin layin rubutu mai haruffa 80 bai fi bayit ɗari da 'yan kai ba. Shi ya sa har yau xterm, tagar rubuta umarni ta X, mai tsohon salon rubutu yake gudu ƙalau a layin da sauran manhajoji ke rarrafe.

Amma arhar tana da kuɗinta ta wata fuskar. Harafin saba mai launi ɗaya ne, kowane ɗigon allo ko a cike yake ko babu komai, don haka gefen haruffa kamar haƙoran zarto. Manhaja ba ta ganin fayil ɗin salon rubutun, ba ta da hanyar sanin yadda ake matso da wasu haruffa kusa da juna, ko yadda haruffan Larabci ke sauya sura a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, ko yadda rubutun Indiya ke haɗe baƙaƙe. Idan ta tashi aika takarda ga firinta, ko haɗa fayil ɗin PDF, ba ta da surar haruffan da za ta cusa a ciki, sai abin da ke allo ya bambanta da abin da ya fito a takarda. Sannan Unicode, tsarin ba haruffan rubutun duniya lambobi, ya zo ya fallasa wani rauni da ba a damu da shi ba a da. Idan manhaja ta buɗe salo ta nemi ma'auninsa, saba kan turo ma'aunin kowane harafi a lokaci guda, bayit 12 kowanne. Ga salo mai gurabe 256 wannan ba komai ba ne. Ga salon da ya ratsa gurabe 65,536 kuma haruffansa suka bambanta da faɗi, amsar na iya kai wa bayit 786,432, tun ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. An ƙirƙiro ƙarin XFree86-Bigfont don rage wannan nauyin, abin da ke nuna cewa ciwon ya riga ya yi tsanani.

A shekarar 2000 Keith Packard ya fito da ƙarin Render a XFree86, sabar X da Linux ke amfani da ita a lokacin, tare da laburaren Xft da manhajoji ke kira don yin rubutu. Dabarar ita ce a juya aikin. Manhaja ce za ta buɗe fayil ɗin salon rubutu da kanta, ta sa laburaren FreeType ya zana mata surar kowane harafi, ta aika wa saba hoton surar sau ɗaya tak da lambar shaida. Saba ta adana. Daga nan duk lokacin da aka buƙaci harafin, lambar kawai za a turo da wurin da za a ɗora shi. Kamar ka ba wa mutum hatimi ya ajiye ne, gobe ka ce masa ya buga na bakwai a nan, na uku a can. Surar harafi mai faɗin ɗigo 10 da tsayin 14, bayit ɗaya kowane ɗigo, takan ci bayit 168 idan aka cike kowane jeri zuwa 12 kamar yadda ƙa'idar ta tanada. Haruffa 60 daban-daban sun kama kusan bayit dubu goma, ana biyansu sau ɗaya, sauran rubutun kuma ya koma arha kusan irin ta da. Ga wanda ke karanta Sinanci ma ribar ta fi yawa, domin haruffan da suka bayyana a shafin kaɗai ake aikawa, ba a taɓa sauran dubban ba.

Abin da ya sa ala tilas sai da Render shi ne lissafin gauraya launi. Harafi mai laushin gefe ba launi ɗaya ba ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da adadi daga 0 zuwa 255 da ke faɗin yawan wurin da tawadar ta rufe. A ce ɗigon da ke gefen harafi yana da 64, wato kusan rubu'i. Idan tawadar baƙa ce kuma bayanta fari ne mai daraja 255, sakamakon zai zama toka-toka mai daraja 191. Idan bayan shuɗi ne, ko hoto ne, amsar daban ce. Wato ba za a iya zana ɗigon ba sai an san abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan lissafi ne na Thomas Porter da Tom Duff tun 1984, kuma Render ya koya wa saba yin sa, tunda ita ce ke riƙe da abin da ke allon.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sabunta manhaja abu ne mai sauƙi, sabunta saba kuwa ba koyaushe yake hannun kowa ba. A farkon shekarun 2000 duniya cike take da sabobin da ba su san Render ba: tashoshin X na kamfanoni irin su NCD da Tektronix waɗanda sabarsu ke cikin na'urar kanta, sabobin da ke zuwa da Unix na kasuwanci, manhajojin da ke sa kwamfutar Windows ta zama sabar X, da Xvnc na wancan lokacin, sabar X da ake kallon allonta daga nesa. Xft na farko ya ce idan babu Render sai a koma ga tsofaffin haruffan saba. A takarda wannan maslaha ce, a aikace kuwa ta zame wa masu rubuta manhaja ƙarfen ƙafa. Dole su riƙe hanyoyi biyu na rubutu, da sunayen salo iri biyu, da ma'auni iri biyu. Takardar da ta cika shafi uku a wannan allon sai ta shiga na huɗu a wancan. Duk wata fasahar jera haruffa da ta dogara da karanta fayil ɗin salon kuma ta rushe a tsohuwar saba. Babu mai son ya jingina manhajarsa gaba ɗaya a kan abin da rabin masu amfani da ita ba za su gani ba.

Xft2, wanda ya fito a 2002 tare da fontconfig, laburaren nemo salon rubutu da zaɓensa, ya yanke wannan igiyar. Ya daina komawa ga haruffan saba kwata-kwata. Ko da Render ko babu, manhaja ce ke zaɓen salo, ita ke aunawa, ita ke zana sura. Abin da ya rage kawai shi ne yadda za a kai surar allo da umarnin da kowace sabar X11 ta sani tun 1987. A ganina wannan hanyar ta ko-ta-kwana, wadda ba a cika yabawa ba, ita ce ta ba sabon tsarin nasara fiye da kyan haruffan kansu. Bayanta ne Red Hat Linux 8.0 ya fito da shi a 2002, teburin aiki na GNOME 2.2 ya rungume shi a farkon 2003, masu manhaja suka samu damar share tsohuwar hanyar daga aikinsu. Kamfanin Sun ya gabatar da nasa tsarin mai suna STSF, wanda ya so a bar zanen a ɓangaren saba, amma bai samu karɓuwa ba.

Yadda hanyar ke aiki da harafi mai laushin gefe abu ne mai sauƙin faɗi. Tunda saba ba ta iya gauraya launi ba, kuma ita kaɗai ta san abin da ke allon, manhaja sai ta roƙe ta da umarnin GetImage ta turo mata hoton gurbin da rubutun zai sauka. Manhaja ta yi lissafin a wajenta, ta mayar da hoton da PutImage. Sakamakon da ido zai gani daidai yake da na Render. Amma a duba abin da ya bi waya. Layin rubutu mai faɗin ɗigo 600 da tsayin 16, a allon da ke ba kowane ɗigo bayit 4, bayit 38,400 ne. Zai je, zai dawo, 76,800 ke nan, a madadin bayit ɗari da 'yan kai. Idan manhaja da saba a kwamfuta ɗaya suke, ko a ofis ɗaya kan waya mai sauri, da wuya mutum ya lura. A modem irin na V.90 kuwa, mai sauko da bit 56,000 a daƙiƙa yana hawar da 33,600, labarin ya sauya. Kada a manta saba ita ce ke gaban mai amfani, don haka amsar GetImage ta hanyar hawa za ta bi, wadda ita ce ƙunƙuntar. Daƙiƙa tara wajen tafiya, biyar da rabi wajen dawowa, duk don layi ɗaya. Allon da ke ba ɗigo bayit 2 zai raba wannan gida biyu, amma rabin masifa ai masifa ce.

Mai lura zai ce ai ana iya matse bayanan, kuma gaskiyarsa. Farin fili da ɗan rubutu a kai yana matsuwa ƙwarai, kuma ssh, manhajar shiga kwamfuta ta nesa, da zaɓin -C yana yin hakan ba tare da manhaja ta sani ba. Sai dai matsewa tana rage yawan kaya ne, ba ta rage jira. Yawancin umarnin X ba sa buƙatar amsa. Xlib, laburaren da manhaja ke magana da saba ta hanyarsa, yakan tara su ya tura a dunƙule, manhaja ta ci gaba da aikinta, saba na zanawa a bayanta. GetImage ba ya cikin waɗannan. Da zarar an aika shi manhaja ta tsaya cik har sai amsa ta iso. Idan kai-komo ɗaya yana cin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne tsakanin nahiyoyi, taga mai guntayen rubutu 40 za ta ci daƙiƙa huɗu a jira zalla, ko da faɗin layin ya kai na kogi. Kuma guntayen rubutu a taga sun fi yadda ake zato yawa: kowane maɓalli, kowane suna a jerin zaɓi, kowane gurbi a tebur, nasa kiran daban. Packard da Gettys sun auna zirga-zirgar manhajojin X a layuka iri-iri, suka gabatar da sakamakon a taron Usenix na 2003, kuma abin da suka tarar ke nan: jinkirin kai-komo ya fi ƙarancin faɗin layi illa. Ma'aunin nasu ya kuma nuna cewa zana haruffa a ɓangaren manhaja, inda akwai Render, yana rage jiran buɗe manhaja, domin an huta da tambayoyin jerin salo da ma'auninsu, waɗanda kowannensu kai-komo ne. Wannan ya saɓa wa abin da mutane da yawa suka yi tsammani, su da suka ɗauka aika hotunan haruffa zai kashe X a kan waya.

GetImage yana da wasu halaye marasa daɗi ban da jinkiri. Idan wani ɓangare na gurbin da aka nema ya fita daga allo, saba takan mayar da kuskuren BadMatch, kuma kuskure a Xlib, in ba a tare shi ba, kashe manhaja yake yi. Xft yakan ɗana tarkon kuskure na ɗan lokaci kafin ya tambaya, idan abin ya faskara sai ya kwafe gurbin zuwa wani hoto na ɓoye a cikin saba, ya karanto daga can. Idan wata taga ta rufe wurin, abin da za a karanto ba shi da tabbas, kodayake wurin da ke rufe ba ya bayyana. Akwai kuma batun jerin bayit, domin na'urar SPARC da ta Intel ba sa jera bayit ɗin lamba iri ɗaya, sai an juya su kafin lissafi a sake juyawa bayansa. Ga allon da ke da launi 256 kacal, irin wanda kowane ɗigo lamba ce a teburin launuka, gaurayawar ma ba ta da ma'ana, tunda launin da lissafin ya bayar wataƙila babu shi a teburin. A nan Xft yakan haƙura da laushin, ya ɗauki duk ɗigon da ya kai rabi a matsayin cikakke, ya watsar da sauran.

Wannan haƙurin shi ne mafita ta gaskiya ga mai layi marar sauri da tsohuwar saba. Da zarar an bar laushin gefe, buƙatar sanin abin da ke ƙarƙashi ta kau, kai-komo ya kau tare da ita. Harafi ya koma cike-ko-babu kamar na da, amma har yanzu manhaja ce ta zaɓe shi, ita ta auna shi, shafi uku yana nan shafi uku. Abin da aka rasa ado ne kawai.

Akwai hanyoyi fiye da ɗaya na tura irin wannan harafin, kuma kwatanta su yana da daɗi. Xft yakan yanka surar jeri-jeri, kowane ɗan tsiri na tawada ya zama ƙaramin murabba'i da za a cike da launi. Murabba'i ɗaya bayit 8 ne, kuma Xlib yakan haɗe su cikin umarni guda idan sun biyo juna. A ce harafi yana da tsiri 15, layi mai haruffa 80 zai kama bayit 9,600. Hanya ta biyu ita ce a ajiye kowace sura a saba a matsayin hoto mai bit ɗaya, a riƙa amfani da ita kamar allon huji da ake shafa wa fenti. Wannan ya yi kama da dabarar Render, sai dai ga kowane harafi dole a sauya saitin zane sannan a ba da umarnin cikewa, abin da ba zai gaza bayit 40 ba, wato 3,200 a layi. Hanya ta uku ita ce manhaja ta jera layin gaba ɗaya a wajenta a hoto mai bit ɗaya, ta tura shi, ta ce a cike ta cikinsa. Faɗin 600 sau tsayin 16 a raba da 8, bayit 1,200 ke nan. Irin wannan hanyar Java ya bi wajen rubutu marar laushi a X11. Abin mamaki, ita da ba ta adana komai a saba ta fi mai adanawar arha a ƙananan haruffa, kuma ta ninka hoto mai launi sauƙi sau 32, ga shi hanya ɗaya take bi. Sai haruffa sun yi girma ne lissafin ke juyawa, tunda girman hoto yana ƙaruwa ta tsayi da faɗi, lambar shaida kuwa tana nan yadda take.

Rubutu marar laushi yana fito da muhimmancin wani abu da masu allon zamani suka manta da shi, wato daidaita sandunan harafi su faɗa kan ɗigon allo daidai. Idan babu toka-tokan da zai ɓoye kuskure, ƙafar "m" ɗaya sai ta fito da kaurin ɗigo biyu, sauran da ɗaya. Salon TrueType masu kyau suna ɗauke da umarnin gyara wannan a cikinsu, amma kamfanin Apple yana da haƙƙin mallakar fasahar, don haka FreeType ya daɗe yana zuwa da ita a kashe, sai bayan wa'adin haƙƙin ya ƙare a 2010 aka kunna ta a sigar 2.4. Shi ya sa a shekarun da ake wannan fama, wanda ya kashe laushi don ya samu sauri sau da yawa yakan tarar da haruffa masu muni fiye da tsofaffin da aka zana da hannu ɗigo-ɗigo. Magani mafi sauƙi shi ne a ba fontconfig waɗancan tsofaffin salon na ɗigo, domin FreeType yana karanta fayilolin PCF da BDF, sai manhaja ta tura su da kanta.

Akwai tsaka-tsaki ga wanda bai yarda ya rabu da laushin ba. Idan manhaja ta san launin bayan rubutun, kamar tagar umarni mai baƙin fili ko shafin rubutu fari, ba ta da dalilin tambayar saba. Sai ta gauraya a wajenta ta tura da PutImage kaɗai. Kayan suna da nauyi, amma suna matsuwa, kuma babu tsayawa. Matsalar ita ce laburare irin Xft ba shi da masaniyar abin da manhaja ta zana kafin ta kira shi, don haka wannan gajeriyar hanyar sai wanda ke sama da shi ne zai iya bin ta. Idan aka bi wannan tunanin har ƙarshensa, za a iske manhajar da ke zana tagarta dukanta a ƙwaƙwalwarta, ta tura hoton da ya kammala. Can ɗin kuwa duniya ta nufa daga baya.

Ko inda Render yake, akwai abubuwan da mai layi marar ƙarfi ya kamata ya sani. Ma'ajiyar surori a saba tana da iyaka, Xft ne ke lura da ita, idan ta cika ya zubar da wasu, in an sake buƙatarsu a sake turowa. Mai karanta rubutu mai dubban haruffa ko mai yawan sauya girman rubutu shi ya fi jin wannan, kuma ana iya ɗaga iyakar da saitin Xft.maxglyphmemory. Sannan nau'in laushin da ke amfani da ja da kore da shuɗin kowane ɗigo daban-daban, irin wanda Microsoft ya sanar da sunan ClearType a 1998, yana mayar da kowane ɗigon sura bayit 4 a madadin ɗaya. Sau ɗaya ake biya, amma ninki huɗu ne. Saitunan nan, su Xft.antialias da Xft.rgba da Xft.dpi, a jikin saba ake ajiye su ta hanyar umarnin xrdb, kuma hikimar hakan a fili take: siffar allo da ingancin layi halayen wurin da mutum yake zaune ne. Wanda ya sa Xft.antialias ya zama false a sabarsa, duk manhajar Xft da ya buɗo daga nesa za ta bi, sai fa idan saitin fontconfig na can ko na teburin aikinsa ya take wannan.

Wani sauyin da ke rikita masu kula da na'urori har gobe shi ne inda fayilolin salon ke zama. A da, kwamfutar da ke gabanka ce ke buƙatarsu. Yanzu na'urar da manhaja ke gudana a kanta ce. Mutum zai shiga wata na'ura ta nesa da aka girka ba tare da kayan ado ba, ya buɗe manhaja ta ssh -X, ya ga akwatuna a gurbin haruffa, ya yi ta ƙara salo a kwamfutarsa a banza. Umarnin fc-list a can nesan shi zai faɗa masa gaskiya. Ribar wannan juyin kuwa ita ce fontconfig ya san haruffan da kowane salo ya ƙunsa. Idan rubutu ya zo da "ƙ", wadda babu ita a ISO 8859-1, kuma salon da aka zaɓa ba shi da ita, ana iya aro ta daga wani salon da ke da ita, abin da tsohon tsarin sunaye masu gurabe 14 bai tanadi hanya mai sauƙi ta yin sa ba.

An gwada magance jinkirin layi daga wani ɓangaren daban, ta hanyar sa wakili a tsakani. LBX, wanda ya zo da X11R6.3 a 1996, yana matse umarni yana kuma amsa wasu tambayoyin a madadin saba. Bai cika alkawari ba, domin matsewar ssh ta kamo shi, kuma aka cire shi daga X.Org a 2006. NX na kamfanin NoMachine ya fi shi dabara: yakan ajiye wata saba kusa da manhaja ta riƙa amsa tambayoyin nan take, abin da ya canza kaɗai ke tsallaka dogon layin. VNC, wanda ya fito daga ɗakin binciken Olivetti a Kambirij ta Ingila, ya ma fi yanke hukunci, hoton allo kawai yake turawa. A duka biyun, GetImage ya koma tambaya tsakanin maƙwabta, don haka ko Xvnc marar Render yana iya nuna haruffa masu laushi ba tare da mai kallo ya biya kai-komo ba. Zai dai biya ta wata hanyar, domin rubutu mai toka-toka iri-iri ba ya matsuwa kamar mai launi biyu.

Daga baya manhajojin da kansu suka fara juya wa Render baya. Qt 5, laburaren gina tagogin manhaja, yana zana taga a ɓangarensa ya tura hoto. Firefox ya kashe amfani da Render a matsayin zaɓin farko a sigar 47 a 2016, masu buɗe shi daga nesa kuma suka ji a jikinsu, domin gungura shafi ya koma tura miliyoyin bayit. Ga mai kwamfuta ɗaya wannan ci gaba ne, tunda ƙarin MIT-SHM yana ba manhaja da saba damar raba ƙwaƙwalwa ɗaya babu kwafi, kuma masu manhaja sun huta da bambancin direbobin katin hoto, waɗanda wasunsu ba su taɓa hanzarta Render yadda ya kamata ba. MIT-SHM kuwa ba ya tsallaka waya. Wayland, tsarin nunin da aka gina don ya gaji X, wanda Kristian Høgsberg ya faro a 2008, ba shi da umarnin zana rubutu ko ɗaya, kuma ba shi da hanyar waya a cikin ƙa'idarsa. Mai son buɗe manhajarsa daga nesa sai ya nemi waypipe, wanda ke gano ɓangaren hoton da ya sauya ya matse shi ya tura, ko ya koma ga VNC da RDP, tsarin kallon allo daga nesa na Microsoft.

Don haka wanda yau yake da tsohuwar saba ko layi mai jinkiri, abin da zai fara dubawa shi ne ko kalmar RENDER ta fito a jerin da umarnin xdpyinfo ke bayarwa. In ta fito, kuma manhajar tana bin Xft ko laburaren zane na cairo ta hanyar X, matsewar ssh ta wadatar a mafi yawan lokuta. In ba ta fito ba, ya kashe laushin gefe ya zaɓi salon da aka gyara don ƙananan girma. In kuwa manhajar irin ta zamani ce mai tura hoton taga dukanta, babu saitin Xft da zai taimaka masa, gara ya tayar da saba a can kusa da manhajar, ya kalle ta da VNC ko X2Go, wanda aka gina a kan fasahar NX.